Ɗorawar Tsakar Gidana

Shekarun baya, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, na samu fili a wata sabuwar unguwa da aka yanka a bayan garin Gusau, ta wajen hanyar Bungudu. Lokacin ina saurayi, ina ɗinki a bakin kasuwa, ga keken ɗinki na kaina, gashin baki ya fara tsirowa, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni lissafi.

Unguwa dai a baki ne kawai. Gonakin mutane ne aka karɓa, masu awo suka ja igiya suka kafa turaku, aka ce ga layi ga layi. Kunyoyin dawa suna nan yadda aka bar su, in za ka gidan maƙwabci sai ka yi ta tsallake su kamar mai kewayen gona. Duk wanda ya zo zaɓen fili bakin hanya yake nufa, don an ce nan gaba can ne ƙasa za ta yi daraja. Ni kuwa na hango wata ƙatuwar ɗorawa can ƙarshen layi, ta baza rassa ita kaɗai, na ce nan nake so. Abokina, wanda dillancin filaye ne sana'arsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kowa ƙasa yake nema, ni na zo neman inuwa.

Ina da dalilina. Mahaifina ya rasu, ƙannena mata duk sun yi aure, mahaifiyata ta rage ita kaɗai a Karakkai, ga ciwon gwiwa, ko ruwa da ƙyar take ɗebowa. Abin yana cina ƙwarai. Burina duk duniya in ɗauko ta ta zauna kusa da ni. Na san tana son zaman gindin itace, sai na ce bari in yi mata tarko da inuwa.

Na yi ɗakuna biyu na ƙasa da ɗan zaure, na kewaye da dangar kara, ɗorawa ta faɗo daidai tsakar gida. Bayan kaka na je na yi ta lallashi, na haɗa da kawunnai, da ƙyar ta yarda. Amma ta kafa mini sharaɗi a gaban kowa: rani kawai za ta yi, ranar da ruwan farko ya sauka za ta koma garinsu. Inna kuwa in ta faɗi magana ba ta canzawa.

Zaman unguwar nan wani iri ne. Da asuba kukan jirgin ƙasa ke tashinmu, daga nesa, a hankali, har ka rasa ko a mafarki ka ji shi. Rijiya ɗaya ce ga kowa. Maƙwabcina na dama direba ne Bakatsine, na hagu ma'aikacin jirgi ne da ba ya jin Hausa sosai, na gaba kuma bai tare ba, tubali kawai ya jibge, akuyoyi na hawa. Kowa yaro, kowa baƙo, ba wanda ya san kakan wani. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin gari ba tsoho ba sai nan. Ta wuni a tabarma tana kaɗi, fuskarta na duban yamma, wajen gida. Abinci ma sai ta ɗan taɓa ta ture. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai dai “kai”, kuma kwanakin nan ko “kai” ɗin ma ya yi wuya.

Da sanyi ya wuce ɗorawa ta yi fure. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin ɗorawa mai fure ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Jajaye ne, suna reto a dogayen tsinkaye kamar tuntun hula, ƙudan zuma na ta guna tun hantsi, iska na kawo wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. In na dawo da la'asar sai in miƙe a gefen tabarmar Inna ina kallon sama, rana na ratsowa ta tsakanin ganye, in yi ta gine-gine a zuci. Na ɗora bene, na yi aure, na cika gidan da yara, Inna na zaune a tsakiya tana raba musu faɗa. Sai in juyo in gan ta tana kallon yamma, ginin duk ya rushe.

Ɗorawa ta nuna, 'ya'ya suka yi ja suna ƙara in iska ta kaɗa. Wata safiya ina shirin fita sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar firit, da dogon gora mai ƙugiya a kafaɗa, da kwando a ka. Ta gaida Inna, ta aje kwando, ta ɗaga kai ta dubi itacen sama da ƙasa, ta soma saƙala ƙugiya. Na ce, “Gwaggo, lafiya dai?”

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Lafiya lau, ɗiyana. Wanga icce nawa na. Kakata ta bar ma uwata, uwata ta bar mini.”

Wallahi raina ya ɓaci. Na tafi wajen mai unguwa ina huci, na ce an shigo mini gida ana girbi. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ɗan wane gari ne ni. Na ce Karakkai. Ya ce to a Karakkai in mutum ya sayi gona, ɗorawar cikinta ta zama tasa? Kowane ɗan ƙauye ya san ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban, kowa da mai shi, ana gadonsa ana kyautarsa. Ni ma na sani sarai, kawai na ɗauka tunda an ja igiya an kafa turaku, tsohuwar al'ada ta tsaya a bayan gari. Mai unguwa ya ce masu awo ƙasa suka auna, ba su auna icce ba. Da na dawo na ba Inna labari, ta yi dariya har tana share ido da gefen zane. Tun zuwanta ban ji dariyarta ba sai ranar, kuma ni aka yi wa.

Daga nan tsohuwa ta mai da gidana wurin aiki. Ta kaɗo ɗorawa, ita da Inna su ɓare, su daka, su fitar da garin nan rawaya, su wanke kalwa, wato ƙwayar da ake daddawa da ita. Sai dahuwa wuni guda, sai a rufe ta ta ruɓa. Wari kam ba a magana. Har wani mai riga ya taɓa shinshina ɗinkinsa ya tambaye ni ko a kasuwar kayan miya nake kwana. Ni da nake fita da safe in dawo da yamma, warin kawai na sani da ɓawon da ke cika mini tsakar gida.

Ana cikin haka aka yanko sabuwar hanya don manyan motocin gyaɗa da auduga, ta biyo daidai ƙarshen layinmu. Dare ɗaya ni da nake ƙurya na zama ɗan bakin titi. Filayen da a da ba mai kallo suka zama abin rububi, waɗanda suka yi mini dariya suka fara gaishe ni da hannu biyu. Abokina ya zo shago da sauri, ya ce wani Alhaji a Tsafe na son filina zai gina sito, kuma musaya zai yi da ni: gida a cikin gari, rufin kwano, rijiya a ciki, masallaci a ƙofa, maƙwabta duk dattawa. Nan take na ce alhamdulillahi, ga abin da zai riƙe Inna. Ba daji take ƙi ba? Ba tsofaffi take nema ba? To ga su.

Muka hau bayan wata motar kaya zuwa Tsafe. Har yau ina ganin tafiyar nan. Ƙasa ta bushe fari fat tana jiran ruwa, dutsen Kwatarkwashi ya taso a gefe, shuɗi-shuɗi, gajimare na tafiya a kansa, ni kuwa ina kan buhu ina jera wa Inna kayanta a ɗakin da ban taɓa shiga ba. Alhaji ya karɓe mu da fura mai sanyi. Mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, fili yake so fayau, sito ba ya zama da itace a ciki. Ya ce, “Malam tela, ka je ka sasanta da mai icce a sare shi, sai mu shafa fatiha.”

A hanyar dawowa na ga gabas ta fara yin duhu. Na san ruwan farko ya kusa.

Washegari na sayi goro, na ɗauki zane mai kyau, na nufi ƙauyen tsohuwar a bayan layinmu. Na durƙusa na tsara magana yadda nake tsara wuyan riga. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta turo mini zanen. Ta ce na makara. Ƙafafunta sun gaji, 'ya'yanta sun yi aure nesa, ita kuma ba za ta bar itacen uwarta ba mai shi ba, don haka ta riga ta bayar da shi kyauta, a gaban shaidu. Na ce wa ta ba, in je in same shi?

Ta ce, “Mai shi na gidanka. Ka wuce ta da safe tana shanya kalwa.”

Na kamo hanyar gida. Iska ta taso, ganye na ta zuba, ana jin ƙamshin ruwa daga nesa. Na tarar da Inna a duƙe tana tattara shanya. Na tsuguna na zayyana mata komai, kwano, rijiya, masallaci, dattawa, na ce duk don ita na yi, ta amince a sare. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta miƙe da ƙyar, ta dafa itacen.

Ta ce, “Kai, ni ba daji nake gudu ba. A Karakkai ko yaro ya shigo ina da abin da zan miƙa masa. Nan kuwa tun da na zo sai dai a miƙo mini. In ka kai ni gidan kwano, mi zan ba wani?”

Kunya ta kama ni, tausayinta ya kama ni, har idona ya ciko. Sai ga ɗigon farko a kan tabarma, manya-manya. Na tsaya ina jira ta ce in nemo mota. Ta ce in kama kwandon can kada ya jiƙe. Muka shige zaure muna kallon ruwa na dukan ƙasa. Can ta ce in na samu mai zuwa Karakkai, a kawo mata babbar tukunyarta, wannan ta aro ta yi mata kaɗan.

Alhaji ya gina sitonsa a wani wuri. Abokina ya yi fushi da ni har damina ta fita, daga baya ya huce ya laƙaba mini mai gida ɗan hayar inuwa. Inna ta yi shekaru masu yawa a gidan nan. Duk amaryar da aka kawo layinmu, duk mai jego, sai ƙullin daddawarta ya isa, har matar ma'aikacin jirgin nan ta koyi Hausa a gindin itacen. Unguwa ta samu tsohuwarta.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda na so ta iya so amma ban san abin da ke damunta ba. Ina ta tunanin abin da zan ƙara mata, ita kuwa hannunta ne ya gaji da karɓa. Wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da mu ba ta gane a 'yan kwanaki. Shi ya sa in na ji yaran yanzu na cewa sun gina wa iyaye gida a sabuwar unguwa sun ƙi zama, ba na saurin cewa tsufa ne.

Da ciwon ajali ya kama Inna ta sa aka kira shaidu. Na gyara zama, don na tabbata yau dai itacen zai zama nawa. Ta dube ni ta ce shi wannan yana da gida, ta ba da itacen ga 'yata ta fari, wadda lokacin ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau ba.

Yanzu layinmu tsakiyar gari ne, shaguna ko ta ina, masu son saye ba sa ƙarewa. Bara ma wani ya zo da ƙatuwar mota, ya zagaya gidan, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce masa gida dai nawa ne, amma sai ya jira mai icce, tana zuwa in ɗorawa ta nuna. Ita ma yanzu kanta ya yi fari, kuma zuwanta na ƙarshe na ji tana tambaya a cikin jikokinta mata wace ce ba ta gudun warin daddawa.