Birmanna Alwa da Sahu na Shida na Ƙamusunsa

Haihuwa da Asali

An haifi Birmanna Alwa a tsakiyar daminar shekarar 1931, a ƙauyen Marabettu da ke kusa da Karkala a ƙasar Tulu. Sunan mahaifinsa Manjayya, mahaifiyarsa kuwa Sesamma, 'yar babban gidan Alwa, masu gonakin shinkafa da kwakwa. Da yake a wurinmu mutanen Tulu ɗa na dangin uwa ne, a hannun kawunsa ya tashi, kuma kawun ne ya dasa masa bishiyar mangwaro a bayan gida ranar suna. Al'adar gidan ke nan: kowane ɗa da bishiyarsa, ya sha 'ya'yanta yana raye, ranar da ya mutu a sare ta a ƙona gawarsa da itacenta. Ɗan gidan Alwa yana iya rasa komai ya daure, amma ban da wannan bishiya.

Neman Ilmi

A shekarar 1937 aka sa shi makaranta a Karkala, inda ya tarar cewa harshen Tulu da ya sha a nono ba ya shiga aji, da Kannada ake karatu. Bai ƙullaci Kannada ba, ya rungume shi hannu biyu, sannan ya tsinci Malayalam a bakin fataken kifi. A 1950 ya tafi Madras neman ilmi mai zurfi, ya ƙware a Tamil da Telugu, kuma a can ne ya fahimci cewa duk harsunan nan 'yan gida ɗaya ne, zuriyar da masana ke kira Dirawida. Wannan fahimta ta shiga ransa har ya zama ba shi da wata hira sai ita. Abokansa sukan ce masa, "Kai ko da akuya aka bar ka, sai ka tambaye ta yadda ake cewa ciyawa a garinsu."

Aiki da Iyali

Ya kama aikin koyarwa a Udupi a 1955, ya auri Girija a 1958. A 1962 wata ƙungiyar adabi ta ɗora masa alhakin tsara ƙamus na harsuna biyar, wato Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam da Tulu, kowanne da sahunsa a kan shafi. Ƙa'idarsa ita ce ba ya rubuta kalma sai ya ji ta daga bakin mai ita, saboda haka duk hutun makaranta yana kan hanya, yau wurin masunta, gobe wurin maƙera. Girija ce ta riƙe gida, ita ce kuma take sake kwafe rubutunsa, don shi kansa ba kullum yake iya karanta shi ba. Wata rana ta ce, "Malam, a harsunan nan naka biyar, babu wanda ake cewa shinkafa ta ƙare da shi ne?"

Sahu na Shida

A bayan ƙauyensu akwai mutanen Koraga, masu saƙar kwando da kiɗan ganga, waɗanda ba a barinsu su shiga gidajen mutane, ko kiɗan jana'iza daga bayan shinge suke yi. Da kowa Tulu suke yi, nasu harshen kuwa ba sa furta shi gaban bare. Birmanna ya ga ƙamusunsa ba zai cika ba muddin babu su a ciki, don haka daga 1968 ya riƙa zuwa yana zama a ƙofar wata masaƙiya mai suna Tukri. Rani biyu yana sintiri, ita kuwa amsarta ɗaya: "Maigida, in kwando kake so ga shi nan, magana kam ba ta sayarwa ba ce." Da ta gaji da shi sai ta ce, "Maganarmu a bakin tukunya ake yin ta. Wanda ba ya cin abincinmu, me zai yi da ita?"

Ya san abin da hakan zai jawo masa. Duk da haka, da tsakar rana a cikin Maris na 1970, ya wanke hannu ya zauna a ƙasa, ya sha kunun shinkafa da busasshen kifi a kwanon Tukri. Labari ya riga shi isa gida. A lokacin kawunsa ya rasu, shugabancin gida yana hannun yayansa Sankappa, wanda ya tare shi a ƙofa.

"Je ka yi wankan tsarki, ka ce kuskure ne, mu rufe maganar," in ji Sankappa.

"Yaya, ba kuskure ba ne. Gobe ma an gayyace ni."

"To ka manta da hanyar gidan nan, har da bishiyarka."

Daga ranar bai sake taka gidan ba, ko a rasuwar mahaifiyarsa daga bakin hanya ya tsaya. A 1979 ƙungiyar adabin ita ma ta nemi ya cire sahu na shida, wato na Koraga, wai harshe ne da ba shi da rubutu balle masu karatu. Ya ƙi, suka raba gari. Shi da Girija suka ci gaba da ɗawainiyar su kaɗai, har aka wallafa ƙamusun a wata ƙaramar maɗaba'a a Mangaluru a 1988, Koraga yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Tamil. Tukri ya fara kai wa, ya karanta mata shafi guda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Har yanzu bakinka na masu gona ne, amma dai ana ganewa."

Shekarun Ƙarshe

Bayan ya yi ritaya a 1989, duk shekara yakan tara jama'a a gidansa na Udupi, a yi waƙa da tatsuniya a kowane harshe daga cikin shidan, a ci abinci a layi ɗaya. Ya sami yabo daga masana na kusa da na nesa, kuma ya cancanta. Amma kewar gida ba ta taɓa barinsa ba. Bai taɓa furta wa kowa ba, sai dai iyalinsa sun lura cewa tun 1970 bai sake sa mangwaro a bakinsa ba.

Rasuwa

Ya rasu a Udupi a watan Afrilu na 2004, yana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya. Babban ɗansa ya tafi Marabettu roƙon bishiyar, Sankappa kuwa, da tsufa ya riga ya kwantar da shi, ya ce bishiyar ta 'yan gida ce. Ɗan ya dawo hannu rabbana, sai ya tarar da mutanen Koraga a ƙofa, daga ƙauyuka da dama, kowa da damin itace a ka, wasu har da gorar da suka ajiye don saƙa. Sun ja sun tsaya a bayan shinge kamar yadda suka saba, Girija ta fito ta buɗe musu ƙofa da hannunta, suka shiga da gangunansu har tsakar gida. Tukri masaƙiya ta tsaya a kan gawar, ta yi masa bankwana da babbar murya cikin harshen Koraga a gaban ɗaukacin jama'a, waɗanda akasarinsu sun tsufa a ƙasar nan ba su taɓa jin sa ba. Da itacensu aka ƙona shi, aka kai tokarsa teku. Bishiyar mangwaron tana nan a Marabettu har yau.

Ya rasu ya bar matarsa Girija da 'ya'ya huɗu: Sadananda, da Wanaja, da Jayakara, sai autarsu da aka haifa a 1972, wadda ya raɗa wa suna Tukri.