Yadda Aka Jawo Janwena Daga Ntui

Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ni da Yaya Tanko, wan matata, muka tura janwena daga ƙofar gida ba tare da mun tayar da inji ba. Sai da muka gangara har gaban rumfar mahauta na murza makulli. Ba tausayin barcin maƙwabta na ji ba. Gidan Hamadjoda, abokin sana'ata, yana bayan namu, kuma ya san kukan motata kamar yadda ya san tarin matarsa.

Bari in gaya wa 'yan bana yadda aikin yake a zamanin shugaban ƙasa na farko. Mu bakwai ne a Briketeri, unguwarmu a Yawunde, masu janwe, wato motar jan matattun motoci da masu Faransanci ke kira defanez. Dokarmu ɗaya ce: wanda ya fara isa wurin motar da ta mutu ya ɗaura ƙyallensa a madubinta, aikin nasa ne, ko da zai kwana uku bai koma ba. Wanda ya kwance ƙyallen wani, Baba Ɗanjuma shugabanmu zai kore shi daga gindin mangwaron da muke jiran aiki, kuma ran da ya faɗa rami ba mai zuwa ɗauko shi. A sana'armu, gara ka sayar da motar.

Laraba da yamma Hamadjoda, Bafulatanin Ngaundere, ya dawo daga hanyar Yoko yana jan wata ƙaramar mota, ya ba mu labarin kamiyon ayaba, wato babbar motar kaya, da ya mutu gaba da Ntui. Ya ce ya ɗaura masa rawayan ƙyallensa, amma ba zai koma ba sai ya karɓo sandar ja daga wurin mai walda da hantsi. Ni kuwa sati biyu ban ja ko amalanke ba. Na ce a raina, ji Fillo da son jiki, ga sarƙa a mota sai an jira sanda?

Daga Yawunde zuwa Obala

Ƙarfe biyar saura kwata muka wuce Elig-Edzoa. A mafitar gari akwai shingen jandarma. Wani dogo ya haska mu da tocila, ya karɓi farmi, wato lasin tuƙi, da takardun mota.

"Tu vas où, Haoussa?" in ji shi, wato ina za ni.

Na ce, "Ceto za mu, shef."

Yaya Tanko ya ce da Hausa, "Sata dai, shef."

Jandarman ya tambayi me ya ce. Na ce fatan ƙarin girma yake yi masa. Ya sara wa Yaya Tanko, ya ɗaga mana sanda.

Obala kilomita arba'in da wani abu ce, mun isa ƙarfe shida da minti ashirin. Muka yi sallar da muka makara, muka ci makala, fanken can, da wake wurin wata tsohuwa, dala biyar biyar, da shayi mai kamar ruwan wankin kofi. Yaya Tanko ya ce, "Ilu, har yanzu muna iya juyawa mu ce iska muka fito sha." Na ce ya ci wakensa.

Mashigar Sanaga

Ƙarfe takwas muka tarar da bak, jirgin da ke fito da motoci a kogin Sanaga a Nachtigal, yana can ƙetare. Minti hamsin muka yi muna jira. Duk kukan motar da na ji daga baya sai in waiwaya, ina zaton Hamadjoda ne. Yaya Tanko ya gane, sai ya riƙa dafa ni yana cewa, "Ga shi can!" Sau uku yana yi, sau uku ina waiwayawa. Na ukun motar wani fadan coci ce.

Ntui

Ƙarfe tara da rabi muka ratsa Ntui ba mu tsaya gaida kowa ba. Kilomita goma sha biyu gaba muka ga ganyen da aka jera a hanya, sannan kamiyon, shaƙe da ayabar da za a kai kasuwar Mokolo. Direban, Atangana, yana zaune a gindin taya yana gasa kayan ubangidansa.

Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Ina mai rawaya?"

Na ce, "Shi ya aiko ni. Zazzaɓi ya kwantar da shi."

"Ina sanda? Ya ce ba a jan wannan da sarƙa. Birkinta na iska ne. Inji ya mutu, iska babu, birki babu."

Yaya Tanko ya dube ni, na dubi ayaba. Na san gaskiya ce. Sanda tana riƙe motar baya kada ta taho maka, sarƙa kuwa ja kawai ta iya. Amma na riga na sha man kilomita casa'in, kuma Hamadjoda yana hanya. Na ce, "Birkin hannu fa, ado ne?" Na hau na kwance ƙyallen, na cusa a aljihu. Ko ɗar ban ji ba, wannan ne abin da ya fi ba ni kunya yau.

Ƙarfe goma da rabi muka juya da shi a sarƙa. Kilomita huɗu lafiya lau, har na fara waƙa. Sai gangara. Na duba madubi na ga sarƙa ta saki tana jan ƙasa, kamiyon kuwa yana girma. Atangana ya fito da kai ta taga, birkin hannun yana hannunsa, ya ciro shi ɗungurungum yana nuna mini.

Yaya Tanko ya ce, "Taka mai!" Na taka. Kamiyon ya fi ni sauri. Na ji dum a baya, janwe ta bar hanya ta dasa hanci a gaɓar rami, lagireto ya fashe, tururi ya rufe mu. Ayaba ta zubo mana ta sama kamar ruwan Agusta. Allah ya tsare, ba wanda ya karye. Yaya Tanko ya rasa haƙori ɗaya, ya tofa shi a tafinsa ya ce, "Wannan zan kai wa ƙanwata tsaraba."

Ƙarfe biyu muka ji kukan motar Hamadjoda, wannan karon ba wasa. Ya sauko ya zagaya mu sau biyu, hannuwa a baya.

"Jam na, Ilu? Zazzaɓin nawa da sauƙi, tunda ba ka tambaya ba."

Atangana ya riga ya rattaba masa komai daga bakin hanya. Hamadjoda ya miƙo hannu, na zaro ƙyallen na ba shi. A dokarmu yana da ikon barina a ramin. Ya ɗaura sanda, ya ja kamiyon zuwa wurin makanike a Ntui, ya bar mu da ƙudaje. La'asar sakaliya sai ga shi ya dawo, ya fito da janwena.

Mun kwana a unguwar Hausawa, a zauren wani mahauci, Malam Buba, wanda ya ba mu tuwon masara da romon kai bai karɓi ko dala ba. Hamadjoda loma kawai yake yi.

Juma'a, komowa

Ƙarfe bakwai muka tashi, shi a gaba, ni a baya riƙe da sitiyarin motar da ba ta numfashi. Ma'aikatan bak suka yi ta dariya har ɗaya ya kusa faɗawa Sanaga. Jandarman jiya yana nan a shingensa. Ya leƙo ya ce, "C'est ça, le ceto?" wato ceton ke nan?

Sha ɗaya da rabi mun shigo gari, amma sai Hamadjoda ya tsaya a Elig-Edzoa ya sayi goro, ya zauna yana duba agogo. Awa guda cur. Sai da aka fara kiran salla ya tashi. Ya bi da ni ta layin teloli da giya ɗaya, yana oda. Ya bi ta mahauta. Ya bi ta ƙofar surukaina, inda ba hanya ba ce. Masu tafiya masallaci da dardumarsu suna tsayawa suna yi mini sannu da zuwa. Ya ajiye mu a ƙofar masallaci, daidai inda duk mai fitowa zai gani, a ɗaure, muka shiga salla.

Da aka idar, Baba Ɗanjuma ya tsaya gaban motocin, sauran 'yan'uwa huɗu a bayansa.

"Hamadjoda, me ya kai Ilu hanyar da ƙyallenka yake?"

Hamadjoda ya ɓare goro ya ce, "Baba, na tsinci ɗan'uwa a rami, na jawo shi. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Baba ya juyo gare ni. "Kai kana da abin faɗa?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ƙarfe biyu da rabi na shiga gida. Na ci gaba da zama a gindin mangwaron nan har gwiwa ta hana ni taka kuloci.

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Ina gode wa Malam Buba da tuwonsa, da Atangana da na jawo wa faɗan ubangida, da Yaya Tanko da ya riƙe bakinsa duk da giɓin da na yi masa. Hamadjoda ya koma Ngaundere, a can ya rasu, ban taɓa ce masa na gode ba, don in na faɗa na amsa laifi. Allah ya jiƙansa. Baba Ɗanjuma ma ya riga mu gidan gaskiya. Baba, akwai abin faɗa: ni na kwance ƙyallen.