Abin da Mode Ya Goge

Mode makanike ne na injin ban ruwa a Wurno. Ya fi shekara talatin yana kwance injuna yana ɗaurawa a fadamun da ke shan ruwan Rima, har farcensa ya daina fita fari ko ranar Sallah. Ba mai yawan magana ba ne. Abu ɗaya ne ke sa shi ɗaga murya a da, kokawa. Duk shekara idan tashar Nijar ta fara nuna kokawar gargajiya, sai a gan shi a bayan ɗaki yana juya gorar eriya, yana yi wa matarsa Habi ihu ta taga ta faɗa masa ko hoto ya fito. Abin haushin shi ne kokawa da rani ake yin ta, lokacin da injuna suka fi mutuwa. Sau da yawa ana kayar da gwaninsa yana can tsugune cikin laka a gonar wani.

Babban ɗansa Yazid, mai noman albasa a gindin madatsar Goronyo, shi ya kawo maganin wannan. Wata Juma'a ya dawo daga Sakkwato da rikoda ta gwanjo, baƙa, faffaɗa. Tana da bakin faifai kamar dibidi, amma tana da ma'ajiya a cikinta, ta yadda za ta ɗauki shiri daga talabijin ta riƙe ko babu faifai. Rimot ɗinta ya fi maɓalli arba'in, duk da rubutun Turanci. Yazid ya dubi rimot, ya dubi ubansa, ya ɗauko ragowar fenti ya ɗiga a kan guda huɗu: ja na ɗauka, kore na kunnawa, fari na tsayar da hoto, shuɗi na gogewa.

"Baba, waɗanga huɗu sun ishe ka. Sauran ka bar min."

"In ka tahi hwa?"

"Ina za ni? Goronyo ta, ba Makka ba."

Shekara uku rikodar ba ta san komai ba sai kokawa. Sa'adu mai kifi, maƙwabcinsa kuma abokin gardamarsa tun suna samari, yakan zo su kalli faɗuwa ɗaya sau goma. Mode ya danna fari, ya kai yatsa kan gilashi.

"Ga gwiwatai ƙasa! Makaho kaɗai ba shi ganin wanga."

"Kai da idonka ya cika da baƙin mai za ka kira wani makaho?"

Sau ɗaya aka ɗauki abin da ba kokawa ba. Masu shirin noma na talabijin sun zo fadama, suka rasa mai yi musu bayani, aka tura musu Yazid saboda bakinsa. Minti ashirin da bakwai yana yawo da su kunya-kunya, wando a naɗe, yana nuna yadda ake dashe da yadda ake sakin ruwa. Ranar da aka nuna shirin gidan ya cika. Habi ta ce ya yi baƙi. Yazid ya ce talabijin ce ta tsufa.

Bayan wata takwas, ranar kasuwar Goronyo, 'yan bindiga suka tare motar da ya shiga, suka shige daji da mutum bakwai, har da shi. Sun kira Mode a waya sau biyu. Daga nan lambar ta daina shiga.

Mode bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ci gaba da fita gyara. Abin da ya canza shi ne ƙarfe bakwai na yamma. Wani lokaci labarai sukan nuna mutanen da aka kuɓutar, a zaune a ƙasa layi-layi, kyamara ta bi ta kansu da sauri ta koma kan masu jawabi. Ido ba ya iya kama fuska a haka, balle idon mai shekara sittin. Sai ya fara danna ja kullum. Da safe ya kunna, ya riƙa danna fari, fuska ɗaya bayan ɗaya. Idan babu abin gani ya goge.

Labari ya bazu ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mutane suka fara zuwa daga Achida, daga ƙauyukan Rabah, wasu daga cikin waɗanda suka bar garuruwansu suna kwana a makarantu. Su yi sallama, su zauna a tabarma, su faɗi wanda suke nema. Ba ya karɓar komai. Habi ta kawo ruwa. Wasu sukan ga nasu da rai su tashi su nufi birni. Wasu sukan ga nasu a asibiti, ko a kwance cikin layin da aka rufe da zannuwa, su gane shi da ƙafa ko da hula. Irin waɗannan sukan ce abu ɗaya kafin su fita: "Baba, don Allah kada ka goge." Shi kuma ya ce to.

Da yake bai iya sa wa shiri suna a cikin na'urar ba, sai ya kafa kwalin sabulu a bango yana rubutawa da ajami: na kaza daga sama, na gidan wane. Ma'ajiya ta fara cika. Ya goge kokawa ɗaya bayan ɗaya, Sa'adu yana kallo, har aka zo kan karawar da suka fi shekara biyu suna musu a kanta.

"Goge ta," in ji Sa'adu. "Dama ƙarya kaka yi, gwiwatai ba ta taɓa ƙasa ba."

Ya taɓa ɗaukar rikodar a bayan mashin zuwa Sakkwato don a juye masa komai a faifai. Mai gyara ya buɗe ta, ya hura, ya ce idon da ke rubuta faifai ya mutu, kuma an daina kawo irinsa. Ya nuna masa wani maɓalli da ke sa ta ɗauki awoyi masu yawa a ɗan wuri. Mode ya gwada sau ɗaya. Fuskoki suka fito kamar an dama su, ba a gane hanci daga baki. Sai da ya sake komawa birni aka mayar masa da ita yadda take.

A damina ta biyu kwalin ya cika, ma'ajiya ma ta cika. Duk abin da ya rage a ciki ganin ƙarshe ne da wani gida ya yi wa nasa, sai na farko a sama, shirin Yazid, wanda bai rubuta wa suna ba.

Wata ranar Laraba aka wuni da hadari, rana ba ta leƙo ba. Babu wuta a unguwar kwana tara, batirin sola kuma ya tsufa, a irin wannan rana da ƙyar yake riƙe talabijin rabin awa. Bayan la'asar wata tsohuwa ta yi sallama, ƙafafunta duk taɓo. Sunanta Tani, daga wani ƙauye bayan Rabah. Ta ji a rediyo an kuɓutar da mutane fiye da talatin, wasu sun daɗe ƙwarai a daji, kuma za a nuna su yau. Ɗanta Lauwali take nema.

Mode ma ya ji sanarwar tun da hantsi. Tun lokacin bai ci abinci ba. Ya kunna rikodar kaɗai, ba tare da talabijin ba, ya duba ƙaramin gilashin gabanta. Wurin minti uku ya rage.

Ya tsaya gaban kwalin yana bi da yatsa. Na gidan Almustapha, wanda aka gane da hula. Na Nafisa, wadda uwarta ke zuwa duk wata ta kalla ta koma. Na wani malami daga Achida. Ya kai ƙasa ya dawo sama. Ban da na farkon, babu wanda bai ce wa to ba.

Sa'adu ya shigo, ya gaida baƙuwa, ya dubi inda yatsan ya tsaya.

"Kai Mode, mi kaka shirin yi?"

"Wuri nika nema."

"Goge na wani. Wa za shi sani? Rabinsu sun bar ƙasag ga."

"Ni na sani."

"To ga waya. Kunna shi in ɗauka daga gilashi, ko da layi-layi na."

"Batir ba shi ɗaukar biyu. In na kunna shi yanzu, bakwai na yi muna cikin duhu." Ya sauke yatsansa daga kwalin. "Kuma in na kunna shi, ba ni iya gogewa."

Tani ta fahimci akwai magana, ta fara tattara mayafinta. "Malam, in da wahala bari. Sai in kalla da idona hakanan."

"Inna, zamna. Da ido ba a ganin komi, na gwada."

Ya leƙa madafa. Habi tana tankaɗe. Ta ji komai, gidan ba shi da girma.

"Habi."

"Na jiya."

"Mi kika cewa?"

Ba ta ɗago ba. "Sun ce wasu sun daɗe."

"Sun ce."

"To mi kaka tambaya ta? Ni ba wancan nika jira ba. Wancan ba shi shigowa shi ce yunwa shika ji."

Ya koma ɗaki. Ƙarfe bakwai saura kaɗan ya kunna talabijin, ya hau kan na farko. Ƙaramin hoto ya fito a gefe, kunyoyin albasa da bayan wani mutum a duƙe. Ya danna shuɗi. Na'urar ta yi tambayarta da Turanci kamar kullum, ya sake dannawa. Ba ta ɗauki ko daƙiƙa biyar ba. Gilashin gabanta ya nuna minti talatin. Ya danna ja.

An yi jawabi mai tsawo kafin a nuna su. Kyamara ta bi layi uku da gudu. Kafin a gama labarai batir ya yi ƙara ya ɗauke, suka zauna cikin duhu har Habi ta kawo fitila. Tani ta kwana a ɗakin Habi.

Da safe rana ta fito. Wajen ƙarfe goma batir ya farfaɗo, suka zauna su huɗu. Mode ya danna kore, ya danna fari, ya sake. Mutanen sun rame har sun yi kama da juna. Ya tsaya a kan kowace fuska har sai mata biyun sun girgiza kai. A layi na biyu, can gefe, akwai wani da kyamara ta yanke rabin fuskarsa. Tani ta matsa da gwiwa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Kunnen ga. Tun yana yaro ƙaho ya tsage shi." Ta juyo. "Shi na. Lauwali na."

"Alhamdu lillahi," in ji Sa'adu. Habi ma ta faɗa.

Mode ya ce madalla, ya ci gaba da dannawa. Layi na uku mutum goma sha ɗaya ne. Ya bi su duka, ya koma farko ya sake bi, sannan ya kashe.

Sa'adu ya raka Tani tasha. A bakin ƙofa ta tsaya ta yi ta sa albarka, sannan ta ce, "Malam, kada ka goge, sai na gan shi da idona." Ya ce to. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a ƙasan kwalin, inda ɗan wuri ya rage: na Tani.

Yana ɗaure jakar sifanoni a bayan mashin, don akwai injin da ke jiransa a Goronyo tun shekaranjiya, ya ji Habi a madafa tana magana ita kaɗai, ba da ƙarfi ba. "In ka saki ruwa ka tsaya nan, kada ka tahi hira. Da kunya ta cika ka toshe." Da irin jan muryar Yazid take faɗa, har da ɗan tarin da ya yi a wurin cikin shirin. Ta wuce zuwa maganar dashe, ba ta tsallake komai ba.

Mode ya tsaya da igiya a hannu har ta kai inda mai shirin ya yi godiya. Sannan ya ƙarasa ɗaurin, ya ce mata zai dawo kafin bakwai.

"Ba wuri," in ji ta.

"Da ido za mu kalla."

Ya tura mashin ya fita.