Gumbar da Inna ba ta daka ba

Inna tana da doka ɗaya: duk ranar da ta yi mafarkin haƙorinta ya faɗi, da safe sai ta daka gumba a kai ƙofar masallaci sadaka. A wurinta wannan mafarkin mutuwa ce ta doso dangi, gumbar ce ke mayar da ita. Tun ina ƙarama ni ake ɗora wa kwanon.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta yi mafarkin wata ranar Talata. Da safe baƙi suka zo mana daga Tsibiri, hidima ta ɗauke mata hankali, ta ce gobe. Da la'asar aka bugo waya daga Jiratawa: ƙanwarta ta faɗi a bakin rijiya, ta cika kafin a samo mota.

Muka yi zaman makoki muka dawo gida Sabon Gari. Inna ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ba ta faɗa, sai dai a ɗauke kwano yadda aka aje shi. Kwana goma sha ɗaya haƙurina ya ƙare. A lokacin mushe, malaminmu, yana koya mana lissafin yiwuwa, ni kuwa ina ganin ba abin da ba zan warware da shi ba.

Na zauna gabanta na ce, "Inna, tsakanin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa dangimmu nawa ne? Wane wata ke wucewa ba mu je gaisuwar mutuwa ba? Ko mafarkin kaza kika yi, wata rana sai ya dace da rasuwar wani. Kuma shekara nawa ƙanwar taki tana fama da tansiyo, hawan jini, ba ta shan magani?"

Ta ce, "Duk ranar da na yi sadaka ba wanda ya mutu. Rana ɗaya na bari."

"Rana ɗaya ba hujja ba ce."

"A wurinki ba hujja ba ce. A wurina ƙanwata ce."

Sai na faɗa mata abin da na ɓoye shekaru. Lokacin da nake koleji, sau huɗu kwanon bai kai masallaci ba. Bayan katangar lakwal, makarantarmu, muke zama da ƙawayena mu cinye, in wanke kwano a famfo in dawo. Na ce, "Sau huɗu, Inna, ba sadaka, kuma ba wanda ya mutu."

Ta daɗe tana dubana. Na zaci mari zan sha.

"Ku da kuka ci ba bayin Allah ba ne? Sadaka ta kai, marar kunya."

Na buɗe baki zan ƙara, ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, na san ajali na Allah ne, ba sai an koya min a lakwal ba. Amma in gumbar ba ta yin komi, ku biyar na haifa. In na sake ganin mafarkin, mi zan yi muku? In zauna in jira waya?"

Har yau ina nan a kan lissafina, ban ga inda na yi kuskure a ciki ba. Abin da ban lissafa ba shi ne ta fi iya ɗaukar laifin a kan a ce hannunta ba ya kare kowa.

Na tashi na dama mata fura, na aje ba tare da na ce ta sha ba. Na fita tsakar gida ina wanki. Da na leƙo, ta sha ludayi uku, ta rufe sauran da faifai, ta ce in bar mata nan kusa.