Inna Ta Rantse, Rana Ta Ƙi Faɗuwa

In dai da sauran numfashi a ƙirjina, ba na jin zan taɓa mantawa da azumin da Innarmu ta ɗaure kanta da rantsuwa a kan garin da ba ta taɓa takawa ba. Shekaru sun ja, amma duk sanda na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a kicin, har maigidana ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ni ba 'yar boko ba ce, a firamare na ce kaina ya cika. Iyakar yawona Birnin Kudu inda nake aure, sai ƙauyenmu ta wajen Gwaram, sai Kano in biki ya kama. Amma Allah ya ba ni kunne, abin da ya shiga ba ya fita. Autanmu kuwa shi ya kwashe karatun gidan duka. Ya karanci aikin asibiti, ya yi ta jarrabawa har ya samu aiki a Amurka. Mu a lokacin gani muke Amurka gari ɗaya ne, babba dai, kamar Kano in ta ƙoshi. Shi ya faɗa mana jihohi ne har hamsin, tasa sunanta Alaska, kuma a can ƙurewar arewarta yake, wani ɗan gari a bakin teku.

Wayar da ake ganin mutum a ciki ni ya aiko wa, don Inna ba ta yarda da abin da ake shafawa ba. Saboda haka duk sanda na je gida, ni ce mai riƙe waya, Inna ce mai tambaya, sai Kawu, ƙanenta, direban motar haya tsakanin Gwaram da Kano, shi ne mai ƙaryatawa. Kawu ya yi imani duk abin da bai gani ta madubin motarsa ba, babu shi a duniya.

Wata rana Auta yake ba mu tarihin jihar, ya ce asali a hannun Rasha take, Amurka saye ta yi. Inna ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Saye? Kamar gona?"

"Kamar gona, Inna."

"Har da mutanen ciki?"

Ya ce ai akwai 'yan asalin wurin tun kafin Rasha ta zo, har yau suna nan, su suka fi yawa ma a garin da yake. Inna ta ce an tambaye su kafin a yi cinikin? Ya ce ba a tambaye su ba. Ta girgiza kai ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya sayar da gonar da ke cika masa rumbu ba, mai sayarwar ya hango wani abu. Da Auta ya ce daga baya an tono zinare da man fetur a ciki, sai ta ce, "Ashe sakarai ne. Allah ya sa 'ya'yansa ba su ji ba."

Ya ce faɗinta ya kusa ninka Nijeriya, amma mutanenta ba su kai miliyan guda ba, in mutanen Birnin Kudu da na Gwaram suka haɗu za su iya yin kunnen doki da su. Inna ta ce to matansu aikin me suke yi? Ya ce a garinsu babu bishiya ko ɗaya, babu gona, nama sai na daji da wani kifi da ya fi motar Kawu girma. Kawu ya haɗiye wannan da ƙyar. Amma da aka zo kan cewa babu hanyar mota zuwa garin gwamnansu, sai jirgin sama ko na ruwa, sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Garin gwamna guda babu tasha? Hajiya, yaron nan ya fara koyon ƙarya."

Abu ɗaya Auta ya ɓoye mana, wai don kada hankalin Inna ya tashi, shi ne zancen rana. Ɓoyewar nan ce ta jawo komai.

Azumin shekarar a farkon damina ya faɗo, ga zafi ga gumi. Na koma ƙauye don in riƙa yi wa Inna girki. Wata rana bayan azahar tana kwance a rumfa, leɓenta ya bushe, ta ce in kira mata ɗanta ko ta samu abin da zai ɗauke mata hankali daga randa. Na kira, ya ɗauka. Sai ga Auta zaune da ƙaton kofin shayi, bakinsa cike da burodi, ga taga a bayansa, rana tar, har tana haska masa kunne.

Inna ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, abin da rabonta da yi tun kafin ciwon gwiwa.

"Me nake gani a bakinka?"

"Sahur nake yi, Inna. Asuba ce a nan."

"Asuba? Waccan ta bayanka fitilar ƙwai ce?"

Ya haɗiye da sauri ya fara bayani, wai a garinsu in wannan lokaci ya zo rana ba ta faɗuwa sam, sama da wata biyu tana nan, shi ya sa suke bin lokacin Makka. Ai gara ma da ya yi shiru. Inna ta ce bai ishe shi ya ci abinci da rana a watan azumi ba, sai ya haɗa da yi wa Allah ƙarya. Kawu, da hayaniya ta shigo da shi, ya ƙara mata fetur: ya ce shi ya yi tuƙi har Legas, ko'ina ya je rana faɗuwa take. Nan Inna ta ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, ba zan ƙara yi maka magana ba sai na ga rana ta faɗi a garin nan da idona!"

Ita a lissafinta zuwa magariba an gama, ta kama shi dumu-dumu. Ta ce in sake kira da yamma. Na kira, rana na nan. Na kira da safe, tana nan. Da hantsi, lokacin da ya ce tsakar dare ne a wurinsu, ya fita waje ya zagaya da wayar: kan titi babu kowa, tagogin mutane duk an toshe da baƙin ƙyalle, rana kuwa tana tsaye a gefen sama ko kunya babu. Kwana da kwanaki muna wannan gadi. Ba ta hawa tsakiya, ba ta sauka, sai zagaye take kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Muka aika aka tambayi liman. Ya zo da kansa, ya ce malamai sun daɗe da sanin irin waɗannan ƙasashe, kuma abin da yaron yake yi yana da madogara. Na san Inna ta gamsu, don ta daina kallon wayar da harara, ta koma kallonta da tausayi. Sai dai rantsuwa ta riga ta fita. Liman ya ce abin mai sauƙi ne, ta karya ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai goma.

"In dafa abinci in tara mutane, kowa ya ji na yi rantsuwar wofi? Malam, bar ni da ita. Ai za ta gaji ta faɗi."

Daga nan na zama tafinta tsakanin uwa da ɗa, da Hausa ɗaya. Wayar tana gabanta, yana jin ta tana jin sa, amma sai ta juyo gare ni: "Ki ce masa ya sa hula." "Ki tambaye shi wa yake yi masa wanki." Shi kuma ya ce, "Yaya, ki ce mata na ji." Wani lokaci in na tsaya shan iska sai ta zungure ni ta ce ban isar da saƙo ba. Da farko abin dariya yake ba mu, har maƙwabta suna shigowa kallo.

Ranar Sallah dariya ta ƙare. Ya kira sanye da shaddar da muka aika masa, shi kaɗai a ɗaki, babu tuwo babu mai ce masa barka. Ya durƙusa a gaban waya ya gaishe ta. Inna ta dube ni ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka." Auta ya ce, "Yaya, ki ce mata a bakinta nake so." Inna ta tashi ta shige ɗaki, tuwon Sallah ko taɓawa ba ta yi ba.

Bayan kwana biyu ya kira ni ni kaɗai, ya ce zai ajiye aikin ya dawo, ba zai zauna a ƙasar da ta raba shi da muryar uwarsa ba. Aikin nan shekaru ya yi yana nema, kuma na san halinsa, kan Inna ne da shi sak. Ita ma ga ta nan tana ramewa, jininta yana hawa. Na roƙe shi ya bari rana ta faɗi tukuna, tun da ya ce masana sun san ranar. Ya ce ya ji, amma in ta faɗi Inna ba ta yi magana ba, sai dai mu tare shi a Kano.

Ranar ta zo ana tsakiyar damina, kuma da hantsinmu abin zai faru. Gidanmu ya cika kamar ana suna. Kawu ya fasa lodi ya kafe motarsa a ƙofar gida, wai yana so a yi a gabansa. Muka fita gindin tsamiyar ƙofar gida, don nan ne sabis ya fi tsayawa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma, na riƙe waya. Ga Auta a bakin teku cikin wata riga kamar katifa, ga rana ja wur ta sauko dab da ruwa. Mata suna ta salati. Wata tsohuwa tana cewa, "Sauka mana, 'yar nema, kin ishe mu!" Gindinta ya taɓa ruwa, ta nutse rabi.

Sai hoton ya tsaya cak.

Ashe duk mun zuba ido a kan samaniyar Alaska, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi tamu. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso, sabis ya ɗauke. Kawu da kansa ya fizge wayar ya haye saman mota yana ɗaga ta sama, har hularsa ta tafi. Ruwa ya kece, muka kwashi Inna da tabarma muka yi zaure. Muna zaune, wayar tana nuna rabin rana a daskare, Inna ta ƙura mata ido ba ta ko ƙiftawa.

Ruwa ya daɗe kafin ya tsagaita. Yana ɗaukewa kira ya shigo. Na ɗauka. Ga Auta a inda muka bar shi, ga rana a bayansa ta fito cif, sabuwa fil kamar ba ta je ko'ina ba.

"Ba ta faɗi ba!" in ji Kawu. "Ni dai ban gani ba, kuma ba wanda ya gani!"

"Wallahi ta faɗi, Kawu, ta ɗan jima ta fito. Yaya, ki ce wa Inna gobe ma za ta faɗi, zan sake fitowa."

Na juya zan isar da saƙo, sai na ga Inna ba rana take kallo ba. Fuskarsa take kallo. Ashe tun da sabis ya ɗauke bai koma ɗaki ba, yana tsaye a cikin iskar teku yana ta kira. Leɓensa na karkarwa, hanci na zuba, idanu sun kaɗa. Kwana ɗaya tak ya rage mata ta fita daga rantsuwarta da mutuncinta. Sai kawai ta warce wayar da ba ta taɓa yarda ta riƙe ba, ta kai ta dab da hancinta.

"Kai Auta, don gidanku, wuce ɗaki! So kake sanyi ya kashe min kai a ƙasar da ko bishiyar da za a yi maka makara babu? Dubi yadda ka rame. Allah ya yi maka albarka, ka ji? Allah ya yi maka albarka. Wuce ciki na ce!"

Auta ya fashe da kuka yana dariya, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na rasa wanne zan yi. Kawu ya matso yana matse rigarsa ya ce, "Hajiya, kin fa karya."

"Na karya. A ɗora tukunya. Kai ne miskini na farko."

Sai da liman ya shiga tsakani ya ce mai mota ba ya cikin lissafi, amma duk da haka Kawu ya ci kwano biyu. Auta bai ajiye aikinsa ba.

Abin da wannan al'amari ya koya min, duniyar Allah ta fi katangar gidanmu faɗi, kuma abin da ban taɓa gani ba bai zama ƙarya ba don ban gan shi ba. Na kuma koyi cewa in bakina ya yi saurin da zai raba ni da nawa, a ranar zan ɗora tukunyar kaffara, kowa ya yi dariyarsa ya ƙoshi. Shinkafar mutum goma ba komai ba ce a kan makonnin da Inna ta yi tana jin muryar ɗanta ba ta amsawa.