Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Jiya na ga fure ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, sai na tuna kakata ta Ƙofar Marusa. Irinsa take ɗaurewa da kaba a jikin iccen bedi, saiwoyinsa farare suna shan iska.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ta kwanta ciwo. Na kwance furen, na dasa a tukunya bakin ɗakinta don ta riƙa ganinsa, ina ba shi ruwa safe da yamma.

Ta ce, "Maigida, maida shi bisa icce. Wannan ba ya son ƙasa."

Ban mayar ba. Ya ruɓe kafin sadakar arba'in ɗinta. Ita da ke kwance cikin ƙasar yanzu, Allah Ya yalwata mata makwanci.