Ranar Da Na Je Roƙon Waya A Gidan Makoki

Malama ce ni mai ritaya, na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ce shugabar wata 'yar ƙaramar ƙungiyar sa kai a Gwarzo, wadda ke kula da yara masu ciwon sikila. Ciwon ne ya ɗauke mini ɗana na fari, shi ya sa na riƙe aikin da zuciya ɗaya. Ba mu da wani ƙarfi. Abin da muke tinƙaho da shi kawai shi ne bayin Allah da suka yi mana alkawarin ba da jini kyauta duk sa'ad da aka kira su, daga cikin Gwarzo har ƙauyukan Kabo. Wajen magana da mutane ban da na biyu, zan iya shawo kan magidanci mai tsoron allura ya miƙa hannu yana dariya. Amma kwamfuta, ko kusa da ita ba na son zama. Ina ganin na wuce shekarun koyonta, kuma ina jin kunyar a ga shugaba tana laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Akwai wani abokin aikina, magidanci ɗan ƙauyen Kara, shi ne ya nemo mana manhajar ofis irin wadda ake ba ƙungiyoyi kyauta, mai ɗauke da wurin rubutu da jadawali da imel da ma'ajiyar intanet. Shi ya kwashe bayanan masu ba da jini daga takardunmu da gara ta fara ci, ya zuba su a ciki: rukunin jinin kowa, lambar wayarsa, garinsu, da lokacin da ya bayar na ƙarshe. Aiki ya yi sauƙi ƙwarai. Da zarar an kira ni daga asibiti, sai in kira shi, kafin in gama ɗaura ɗankwali ya turo mini sunan wanda ya dace. Sau da yawa yakan ce mini, cikin ladabi, ya kamata in zauna ya buɗe mini nawa asusun, ya nuna mini yadda ake shiga, domin manhajar ta ba da damar mutane da yawa su riƙe mabuɗi. Ni kuma kullum amsata ita ce sai an samu sarari. Haka komai ya zauna a hannunsa shi kaɗai, kalmar sirri a kansa, lambar tabbatarwa kuma wayarsa take zuwa.

Wata ranar kasuwa ya hau babur zai koma gida, mota ta buge shi a hanya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mun je jana'iza, mun yi kuka, mun dawo kowa jikinsa a sanyaye, babu wanda ya tuna da zancen kwamfuta. Ranar sadakar uku da hantsi, ina shirin komawa Kara, sai wayata ta yi ƙara. Wani manomi ne daga Gude, mahaifin ɗaya daga cikin yaranmu. Ya ce 'yarsa tana asibiti, jikinta ya yi fari fat, likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata yau. An gwada shi, an gwada uwar da ƙannensa, babu wanda nasa ya dace, don jinin yarinyar irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma babu shi a ajiye. Ya ce Hajiya ke muka sani, ke kika ce mu kira ki. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yanzu za a turo mutum. Sai da na kashe wayar na ga yatsana ya nufi lambar mamaci.

Na ruga ofis ko mayafi ban yafa daidai ba. Na kunna kwamfutar, ta tambaye ni kalmar sirri. Na gwada sunan ƙungiya, na gwada sunan 'yar marigayin, na gwada sunan garinsu, duk ta ƙi, daga baya ma ta gargaɗe ni cewa za ta rufe ƙofar baki ɗaya. Na tabbata muna da masu irin wannan jini, don na tuna marigayin ya taɓa yi mini albishir da su, amma ko sunan mutum ɗaya ya ƙi zuwa kaina. Na kira wata ma'aikaciyarmu, ta ce abin da ta sani kawai shi ne akwai wurin da ake latsawa idan an manta kalmar, sai a turo lamba zuwa layin mai asusun. Layin kuwa yana Kara, a gidan da ake zaman makoki. Na ɗauki kwamfutar na rungume, na tsayar da ɗan acaɓa. A hanya mahaifin yarinyar ya sake kira, ya ce numfashinta ya fara sama-sama. Na ce ina hanya, ban gaya masa hanyar ina ba.

Na tarar da ƙofar gidan cike da maza a kan tabarmi, ana ta addu'a. Na yi gaisuwa, na sa aka kira mini wan mamacin gefe. Ina fara bayani na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ashe ba ta'aziyya ta kawo ni ba. Ya ce ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta bushe ba, har an fara zuwa neman wayarsa, kuma shi ya san abin da ake yi da layin mamaci a wannan zamani. Babu wanda zai taɓa komai na marigayi sai an zauna rabon gado. Na rantse masa, na ambaci yarinyar, na ce ya riƙe wayar da hannunsa, lamba kawai zai karanto mini. Ya ce shi bai san wannan ba, ya juya ya koma cikin mutane. Na ga idanu sun fara juyowa kaina, wasu na raɗa. A rayuwata ban taɓa jin na muzanta irin na wannan lokaci ba, tsohuwa da ni, rungume da kwamfuta a ƙofar gidan mutuwa.

Da yake ni mace ce, babu mai hana ni shiga ciki. Na samu matarsa a ɗaki, ta shiga takaba, mata sun kewaye ta, jaririnta na kan cinyarta. Na durƙusa a gabanta duk da na haife ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana, amma kowace kalma sai da ta shige ni. Ta kira ni Inna, ta ce mijinta bai taɓa cin abinci ya gama ba tare da mun kira shi ba. Ta ce ranar sunan wannan yaron ma a bayan ɗaki ya zauna yana nemo mana lamba. Ya sha gaya mata yana so ya koya mana aikin don ya samu ya huta, mu ne ba mu da lokaci. Yanzu ga shi ya tafi, har yau ba mu ƙyale shi ba. Hawaye kawai nake yi, wayata kuma tana ta ruri a cikin jaka, na san ko wane ne.

Sai ta tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce ba ta gama firamare ba. Ta miƙa wa wata dattijuwa jaririn, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da wayar a naɗe cikin hularsa. Gilashin ya farfashe, ba ta ko kawo wuta. Da kanta ta zare layin da tsinken ɗan kunne ta sa a tawa wayar, ta ce idan wan mijinta ya yi magana ita za ta amsa. A cikin gidan babu sabis, sai da na fita ta ƙofar baya na bi gefen gonar dawa har bakin titi. A nan na tsuguna, kwamfuta a kan gwiwa, ina bin matakan da ma'aikaciyarmu ta karanta mini tun da farko na rubuta a tafin hannu. Lambar farko ta iso bayan lokacinta ya wuce. Na sake nema, cajin kwamfutar ya koma ja. Ta biyu ta shigo, na shiga. Ga jadawalin nan a tsare tsaf, kowane rukuni da launinsa. Na farko da na kira wayarsa a kashe. Na biyu ya tafi cin rani. Na uku wani malamin sakandare ne a Kabo, Kirista ɗan Filato, yana cikin aji. Ban gama bayani ba ya ce ga shi nan ya hau babur.

An ƙara wa yarinyar jini da la'asar. Ta rayu, amma ta daɗe a kwance, kuma likita ya gaya mini a fili cewa da an ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya sha bamban. Na mayar da layin a ranar, na kuma koma bayan kwana biyu na yi ta'aziyya ta gaskiya, hannu babu komai sai carbi. Wan mamacin har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki.

Daga nan na zauna na koyi abin da na yi shekaru ina gudu, da yatsa ɗayan nan nawa, kuma ban mutu don kunya ba. Yanzu asusun da sunan ƙungiya yake, mu uku ke riƙe da mabuɗi, kowa da nasa, kuma muna buga kwafi a takarda mu kulle a durowa. Duk waɗannan hanyoyi suna cikin manhajar tun ranar farko, mu ne muka karɓi kyautar muka jibga wa mutum ɗaya. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi, musamman tsarana masu jin sun girma da koyo, ku dubi wanda ke riƙe muku da komai a ofis. Ku tambayi kanku, in aka wayi gari babu shi, me za ku iya buɗewa. Ku zauna kusa da shi tun yana raye ya koya muku, ku kuma bar shi ya ci abincinsa da iyalinsa cikin kwanciyar hankali. Ni na makara wajen yi wa nawa wannan, addu'a kaɗai ta rage da zan iya yi masa.